Hancin Direban Motar Shara

Shekara ashirin da tara yana tuƙa motar shara, kuma a duk tsawon shekarun nan babu mahaluƙin da ya taɓa tambayarsa ko yana jin wari. Unguwa ta riga ta gama bincikenta tun da wuri, ta yanke hukunci cewa hancinsa ya mutu. Su ne ma, saboda tsabar ƙauna, suka raɗa masa suna Turare. Da farko a bayan idonsa ake faɗa, daga baya a gabansa, har ta kai magatakardan da ke rubuta masu zuwa aiki ya daina wahalar da bironsa, ya riƙa rubuta Turare kawai. Shi kuwa yana amsawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, fuskarsa kuma a shafe take kamar bangon da aka yi wa filasta. Ko yabo ka yi masa ko zagi, fuskar ɗaya ce.

Aikinsa a tsare yake. Da safe zai tayar da motar, ya jira 'yan lodinsa uku, dukansu magidanta masu furfura, su ɗare baya. Za su fara da layin gidaje, su bi ta bayan asibiti, su gangara bayan kasuwa inda masu kifi ke zubar da abin da ya gagari ƙuda, sannan su nufi juji. Motar tana da wani baki na ƙarfe a baya da ke matse sharar, in ya matse kuma sai wani baƙin ruwa ya riƙa ɗiga a kan titi. Masu gidajen nan mutane ne masu tsabta ƙwarai. Su suke cika durom da ruɓaɓɓen abinci da ƙunzugun jarirai, su bar shi kwana huɗu a rana, amma da sun hango motar sai su toshe hanci suna hararar direba, kamar daga gidansu ya kwaso ya kawo musu.

A harabar kamfanin akwai banɗakin ma'aikata mai famfo huɗu. An gina shi da kyau, har da tayil. Ruwa ne kawai ya yi shekara shida bai biyo ta wajen ba. Duk lokacin da aka kai kuka, Manaja yakan saurara da natsuwa a ofishinsa na bene, tagogi a rufe, sanyi yana busawa, kwalbar feshin ƙamshi a gefen hannunsa na dama. Amsarsa ba ta canjawa.

"Ai ku kun saba. Ni da zan sauko wajen nan, wallahi asibiti za a kwashe ni. Ku kuwa Allah ya yi muku baiwa."

Haka Turare yake ɗaukar baiwarsa ya tafi da ita gida kullum. Matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta, takan ajiye masa bokitin ruwa da sabulu a lungun bayan ɗaki. Sai ya yi wanka ya rataye kayan aiki a kan igiya can nesa, kafin a yarda ya taka tabarma. 'Ya'yansu huɗu, duk da motar nan aka yi musu karatu, duk kuma sun tashi da fasahar kauce wa tambayar "me babanku yake yi?"

Auta ce ta fi su sa'a, in ji unguwa, don ta auri Dakta. Ba daktan da ke duba marasa lafiya ba, wannan ko ciwon kai ka kawo masa sai ya tura ka kemis. Dakta ne na jami'a, mai binciken ƙwaƙwalwa. Yaro ne mai ladabi. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa har ƙasa, ya ce "Baba, mun same ku lafiya?", ya duba agogo, ya tuna yana da taro. In abokan aikinsa sun tambayi sana'ar surukinsa, sai ya ce yana harkar sufuri. Bai yi ƙarya ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga Dakta ya zo ya zauna, zama na gaske, har ya sha shayi kofi biyu. Tela ta leƙo daga bayan keke tana zaton rasuwa aka yi.

"Baba, wata alfarma nake nema," in ji shi. "Muna bincike a kan yadda ƙwaƙwalwa take bambance ƙamshi da wari. Mun gwada ɗalibai da yawa. Yanzu muna neman mutanen da suka daɗe a cikin, wato, yanayi mai ƙarfi."

"Shara," in ji Turare.

"To, haka. Hasashena shi ne, in mutum ya daɗe a ciki, ƙwaƙwalwarsa takan rufe ƙofa, ta daina amsawa. Kai kuma, Baba, ba a samun irinka."

Tun ranar da aka ba shi Auta, wannan ne yabo na farko da Dakta ya yi wa surukinsa. Turare ya dube shi, ya dubi kofin shayin, ya ce zai zo.

Ranar Laraba ya ɗauki hutu, ya sa rigarsa ta zuwa unguwa. Dakta ya tarye shi a ƙofar baya ta ginin, wai ta fi kusa. A gaban ma'aikatan ɗakin gwajin bai ce Baba ba, ya ce "wannan bawan Allah". Aka rubuta masa lamba sha bakwai a takarda.

Ɗakin fari ne fat, babu taga, kujera ɗaya a tsakiya. Wata mata mai tabarau, wadda ita ce ke kula da na'urorin, ta kafa masa wata hular roba da wayoyi suka fito mata ta ko'ina, ta riƙa ɗura wani abu mai sanyi da yauƙi a ƙarƙashin kowace waya har ya jiƙa masa kai. Ta maƙala masa siririn tiyo a ƙasan hanci, ta miƙa masa wani ɗan akwati mai maɓallai.

"Baba, iska za ta riƙa fitowa ta nan. In abin ya yi maka daɗi, ka danna na dama. In bai yi ba, na hagu. In tsaka-tsaki ne, na tsakiya. Kada ka motsa kai."

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ke nan."

"A zaune, a cikin sanyi? Ana ɗaukar ma'aikata a nan?"

Ta yi dariya, ta koma bayan gilashi inda Dakta yake tsaye gaban allon kwamfuta ya harɗe hannu.

Aka fara da fure. Turare ya danna na tsakiya. Aka sako ɓawon lemo, ya danna na tsakiya. Aka sako ruɓaɓɓen ƙwai, irin wanda ya sa wata ɗaliba ta fizge hular ta fita da gudu a makon da ya wuce. Ko gira bai ɗaga ba, ya danna na tsakiya. Dakta ya gyaɗa kai, murmushi ya fara taruwa masa, yana hango sunansa a saman takarda. Sai matar ta taɓa shi da biro ta nuna masa allon.

Layukan da ke bin allon a kwance sun miƙe tsaye. Da fure sun ɗan motsa ne a hankali, can daga baya, kamar mai amsa sallama daga barci. Da ƙwan kuwa, kafin ƙiftawar ido sun yi tsalle, tsallen da bai gaza na ɗalibar da ta gudu ba.

"Waya ce ta kwance," in ji Dakta.

Matar ta shiga ta duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta kwance. Aka sake. Dakta ya ce injin ne ya yi zafi, aka kashe aka kunna aka sake. Ya ce mai yiwuwa hular ce, aka canja hula, aka sake ɗura masa abin sanyin, aka sake. Ta haka Turare, wanda ya ɗauki hutun kwana ɗaya daga shara, ya shaƙi ruɓaɓɓen ƙwai sau sittin, kifi sau sittin, da wani abu mai kama da warin takalmi, duk don a tabbatar injin bai yi wa Dakta rashin kunya ba. Kowane karo layukan suna tsalle, kowane karo yatsansa yana kan na tsakiya.

Daga ƙarshe Dakta ya shigo da kansa, ya tsaya a gabansa. Ya manta da "bawan Allah".

"Baba, kana jin abin nan?"

"Wanne a ciki? Ƙwan ba laifi, an yi ƙoƙari. Kifin ne na ƙarya. Kifin gaske in ya kwana uku a rana akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi da yake bari a maƙogwaro. Naku babu. Ku koma wajen wanda ya sayar muku."

"To me ya sa kake danna na tsakiya?"

"Cewa aka yi in bai yi mini daɗi ba. Ni ban zo nan neman daɗi ba."

Dakta ya jawo kujerar matar daga bayan gilashi ya zauna. Ya yi masa bayani, da muryar wanda ake karanta wa sakamakon jarrabawar da ya faɗi, cewa a abin da suke gani a ɗakin nan ƙwaƙwalwa takan yi gaggawar amsa wari, tun kafin mutum ya san ya ji, ƙamshi kuwa sai ta ɗan ja lokaci. Tasa ba ta rufe wata ƙofa ba. Tana ihu kamar ta kowa.

"Shekara ashirin da tara, Baba. Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaya?" in ji Turare. "Kuma in na yamutsa fuska da ƙarfe bakwai na safe, sai ƙarfe nawa zan warware ta? Ku cire mini hular nan, kaina yana ƙaiƙayi."

Matar mai tabarau ta buga masa hoton layukan a takarda, ta naɗe ta ba Turare a hannu ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Labarin ya riga shi isa gida, don Dakta ya gaya wa Auta, Auta kuma ta buga wa uwarta waya. Da ya shigo ya tarar keken ɗinki a tsaye, abin da ba ya faruwa sai in an yi baƙi. Tela tana zaune ta haɗa tagumi.

"Malam, wai da gaske kana jin wari?"

"Haka injin ya ce."

"Ban tambayi injin ba."

"Ina ji."

Ta lissafa zunubanta a zuci. Sannan ta fara zayyano su. Duk ranar da shinkafa ta kama, shi take kankare wa ƙasan tukunya, don yara za su yi ƙorafi shi kuwa ba zai sani ba. Miyar da ta kwana ta fara juyawa, shi ake ɗumama wa. Gefen gadon da ke jikin tagar da ke kallon kwata, ba don iska ta bar masa shi ba. Galan ɗin kananzir a ƙarƙashin kujerarsa yake zama. Turare kuwa, na kwalba, ta daina shafawa tun Auta tana goye, don ta ga asara ce a shafa wa mutumin da ba zai ji ba.

"Na lura," in ji shi. "Turaren nan mai ruwan ɗorawa ya fi wanda ya biyo bayansa."

Ya ɗauka za ta yi kuka ko ta nemi gafara. Sai ta miƙe ta kama ƙugu.

"Amma kai mugu ne, Malam. Shekara talatin ka zuba mini ido ina cutar ka ban sani ba? Ka bar ni ina kwasar alhaki kana cewa an gode? Wane irin mutum ne kai?"

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A rana ta uku ya dawo ya tarar an juya gadon, galan ɗin kananzir ya koma waje, an kuma zuba masa shinkafa daga saman tukunya. Ya ci, ya ga ba ta da ɗanɗanon da ya saba da shi, amma ya ga ba ranar faɗar haka ba ce.

Takardar kuwa ya kai wa Manaja. Manaja ya karɓa da yatsa biyu, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana nazari.

"Ma sha Allah. Wato ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau. Ka gode wa Allah, wasu a shekarunka sun fara mantuwa."

"Ranka ya daɗe, cewa take muna jin warin. Maganar famfo ce."

"Za a duba."

Aka kuwa duba. Bayan mako biyu aka raba wa kowace mota wani ɗan kwali mai siffar bishiya, mai ƙamshin lemo, a rataya a jikin madubi. Aka sa kowane direba ya sa hannu cewa ya karɓa. 'Yan lodi da ke tsaye a baya, kusa da bakin ƙarfen, aka ce su yi haƙuri, su ba su da madubi.

Shi kuwa Dakta bai yi asara ba. Hasashensa ya rushe, amma ya gano rushewarsa ta fi tsayuwarsa kasuwa. Ya rubuta takarda, ya hau jirgi ya je taro, ya haska layukan surukinsa a bango a gaban manyan masana, ya ba su labarin "mutum na sha bakwai" da irin tausayin da ya dace. Aka tafa masa. Aka ce ya faɗaɗa binciken, ya sake gwada mutumin nan sau da yawa, ya nemo irinsa. Sai ga shi kuma wata Asabar, da ledar lemo da ayaba, yana shan shayi kofi biyu.

Turare ya saurare shi har ya gama.

"Zan zo, Dakta. Har 'yan lodina zan kawo maka. Amma ni na zo ofishinka na ga aikinka. Kai ma ka zo nawa, kwana ɗaya."

Dakta ya yi dariya, ya waiwaya wajen Auta don ta taya shi. Auta tana duba farcenta. Tun ranar da ta ji labarin ƙofar baya da "bawan Allah" daga bakin matar mai tabarau, dariyarta ta yi tsada a gidansu.

Ranar Litinin Dakta ya zo, ranar da sharar ƙarshen mako take jiran mai rabo. Ya sa tsohon takalmi, da takunkumi biyu ɗaya a kan ɗaya, da hular da ta rufe masa rabin fuska. 'Yan lodi suka gaishe shi da girmamawa, suka ba shi gaban mota. A layin gidaje ya yi jarumta, har yana rubutu a ɗan littafi. A bayan asibiti ya rufe littafin. Da suka tsaya a cunkoso ya hango motar wani abokin aikinsa a gefe, sai ya sunkuya ƙasa yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Da suka gangara bayan kasuwa, bakin ƙarfen ya matse durom na farko na masu kifi, Dakta ya buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba. Karin kumallonsa ya fara fita, sannan abincin jiya, sannan wasu abubuwan da shi kansa bai tuna ya ci ba.

Turare ya ja birkin hannu, ya sauko, ya miƙa masa gorar ruwa. Ya tsaya a kansa har ya kurkure baki.

"Ka ji ɗan zaƙin nan da na gaya maka?"

Dakta ya gyaɗa kai, idanunsa sun yi ja.

"Kada ka damu. Za ka saba."

Babban ɗan lodin ya juya baya yana tari. A ba Dakta haƙƙinsa, bai gudu ba. Ya koma ya zauna, ya kai har juji, inda ya nemi wajen wanke hannu aka nuna masa wata kwatarniya mai koren ruwa. Da suka dawo harabar kamfani ya shiga banɗakin nan mai tayil da saurinsa, ya murɗa famfo na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Ya fito ya tsaya a rana da hannuwansa a buɗe, ya rasa inda zai sa su.

A makon ya rubuta wa kamfanin wasiƙa a kan takarda mai tambarin jami'a, shafi uku, cike da kalmomin da Manaja bai taɓa gamuwa da su ba. Abin da ma'aikata suka shekara shida suna faɗa da baki shi ne a ciki, amma wannan karon da hatimi. Manaja mutum ne mai girmama ilimi, musamman in an aika kwafe zuwa sama da shi. Cikin wata guda aka gyara famfo ɗaya daga cikin huɗun. Aka ɗaura masa jan ƙyalle, aka tara ma'aikata, Manaja ya sauko daga bene da hankici a hanci, ya yanka ƙyallen, ya yi jawabi a kan yadda walwalar ma'aikata take hana shi sukuni. Ruwan yana zuwa Talata da Alhamis.

Talatar farko, Turare ya bi layi, shi ne na tara. Ya yi wanka da sabulun da Tela ta naɗe masa a leda, ya sa wankakkun kaya, ya ƙulle na aikin a jaka. Ya shiga bas ɗin komawa gida ya zauna jikin taga. Ya saba kujerar kusa da shi takan zauna babu kowa komai cikar mota, har yakan ɗora jakarsa a kai. Ranar kuwa, a tasha ta biyu wani mutum mai kwat da jakar hannu ya ce masa ya ɗan gyara, ya zauna, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mutumin ya yi wanka da turare mai arha a kan zufar yini guda, ya kuma ci ɗanyar albasa da rana. Yana da fara'a, ga son hira. Ya juyo dab da fuskar Turare yana ba shi labarin yadda gari ya lalace da ƙazanta, masu kwasar shara ba sa aikin komai.

Turare ya ce haka ne. Ya jure tasha uku. A ta huɗu ya ƙwanƙwasa jikin motar ya sauka, saura tasha biyu a kai unguwarsu, ya rataya jakarsa ya ƙarasa gida da ƙafa.